Abin Da Ya Shaƙe Na'urar Baba

"Ba zan ba shi ke ba, Uwata. Ki adana hawayenki."

Baba bai ko ɗago ya dube ni ba da ya faɗi haka. Igiyar takalminsa yake ɗaurewa a bakin ƙofar falo, jakar kwamfutarsa na jingine da ƙafarsa. Ni kuwa ina durƙushe a gefen kujera, shayin da na kawo masa yana hucewa a hannuna.

"Baba, me Injiniya ya yi maka? Shekara bakwai yana aiki a ƙarƙashinka. Da bakinka ka sha cewa ba ka taɓa horar da mai hankalinsa ba."

"Riƙon aiki daban, riƙon 'yar mutane daban."

Gwaggo, yayar Baba, tana hakimce a doguwar kujera. Tun da Mama ta rasu ta mayar da gidanmu wurin zamanta, kuma ba ta zuwa sai da magana ƙulle a haɓar zani. Ta taɓe baki.

"Ke dai yarinya ce, ko da kin shekara ashirin da bakwai. Tsintacciyar mage ba ta mage. Yaron nan ba ke yake so ba, kamfanin ubanki yake hange. An ce ma tuni ya fara kwashe bayanan abokan hulɗarku yana kaiwa waje, nasa zai buɗe."

"Wa ya ce, Gwaggo?"

"Wanda ya sani."

Na san wanda ya sanin. Mai Kwat ne, ɗan ƙanin mijinta, wanda yake sayar mana da na'urori. Ni na raɗa masa sunan, don ko rana na narka kwalta ba ya rabuwa da kwat. Sau uku yana aiko Gwaggo wai yana sona, sau uku ina cewa a gaishe shi.

Baba ya ɗauki jakarsa ya fita. Shayin ma bai sha ba.

Kwana tara muka yi a haka. Gida ɗaya, mota ɗaya, ofis ɗaya, amma tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai. Wallahi kwanakin nan sun yi min tsawo.

Kamfaninmu ƙarami ne, a hawa na biyu, saman wani kantin magani. Muna riƙe wa makarantu da asibitoci shafukansu na intanet. Ni ce mai amsa kiran abokan hulɗa, Injiniya kuma shi ne mai kula da ɗakin sanyi, inda na'urori suke. A can akwai wasu guda biyu da muke kira fayawol. Su ne masu gadin ƙofa, duk wanda zai shiga shafin da muke riƙe da shi sai ya bi ta cikinsu. Ɗaya tana aiki, ɗaya tana zaman ko-ta-kwana, kuma duk saitin da aka yi wa ta farko da kanta take kwafa wa ta biyu. A cikinsu akwai wata manhaja da muke ce wa Mai Rabo. Aikinta ta rarraba masu shigowa ga manyan kwamfutoci shida da ke baya, kada ɗaya ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta.

A rana ta goma ne wata babbar makaranta, wadda ta fi kowa muhimmanci a cikin abokan hulɗarmu, ta saki sakamakon jarrabawa. Ƙarfe goma na safe aka buɗe shafin. Goma da kwata wayoyi uku na teburina suka hau ruri a lokaci guda.

"Shafinku ba ya buɗewa!"

"Sai juyawa yake yi kamar fanka!"

"Baiwar Allah, ɗana zai haukace min a gida!"

Na ajiye wayar na ruga ɗakin sanyi. Injiniya na tsaye gaban allo da tsohuwar rigar sanyinsa mai ɓallen maɓalli. Fankokin na'urar sai kuwwa suke yi. Ya nuna min layin da ke nuna aikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Ya miƙe ya manne da saman allo, casa'in da tara cikin ɗari.

"Hari aka kawo mana?" na tambaye shi.

"Na duba, ranki ya daɗe. Ba hari ba ne. Mutanen ma ba su kai na bara yawa ba, kuma bara ko gumi na'urar nan ba ta yi ba."

Ko a tsakiyar tashin hankali sai ya ce min ranki ya daɗe. Tun ranar da ya fara aiki yake tsokanata da shi, wai 'yar maigida ce. A da haushi nake ji. Yanzu in bai faɗa ba sai in ji ranar ba ta cika ba.

Kafin sha ɗaya magatakardan makarantar ya iso da kansa, yana share gumi. Ana wata ga wata, sai ga Mai Kwat a bayansa, wai wucewa ya zo yi. Wucewa ta hawa na biyu! Baba ya fito daga ofishinsa, aka taru a ƙofar ɗakin sanyi.

Mai Kwat ya leƙa, ya girgiza kai cikin jimami na ƙarya.

"Kawu, ai na sha faɗa maka. Na'urorin nan sun tsufa, ga shi kuma an bar su a hannun da bai dace ba. Ina da sababbi a shago, yau ɗin nan sai a kawo."

"Ba tsufa ba ne, Yallaɓai," in ji Injiniya, yana duban Baba. "A ba ni lokaci."

Baba ya dube shi, irin kallon da ban taɓa ganin ya yi masa ba.

"Kana da zuwa ƙarfe biyu. In ba ka gano ba, ka tattara naka ya naka. Kuma kada in sake jin sunanka a gidana."

Kowa a wurin ya gane abin da maganar ƙarshen take nufi. Mai Kwat ya gyara wuyan kwat ɗinsa.

Na karkatar da wayoyin zuwa ga abokiyar aikina, na koma ɗakin sanyi na turo ƙofa. Duk abin da zai faru ya faru, ba zan bar shi shi kaɗai ba.

"Baba zai yi faɗa," in ji shi.

"Ya daɗe bai yi ba. Me zan riƙe maka?"

Ya yi murmushi ya miƙo min takarda da biro. Haka yake aiki, abu ɗaya zai taɓa a lokaci ɗaya, a rubuta, a ga abin da ya canza, sannan a taɓa na gaba. Da ni ce da tuni na kashe komai na kunna.

Ya fara da jerin ayyukan da na'urar take yi, ya jera su daga mai cin ƙarfi zuwa marar ci. Mai Rabo ce a sama, ita kaɗai ta lashe kusan komai. Ya kashe ta ya sake kunnawa. Layin ya sauko, har na fara hamdala, kafin minti biyu ya sake ɗarewa sama.

"Rubuta. Sake kunnawa bai yi magani ba."

Ya mayar da aikin kan fayawol ta biyu, wadda take hutawa. Ita ma minti uku ta yi ta fara haki.

"Kin gani? Ta biyun nan bara aka saye ta, a shagon mutuminki ma. In tsufa ne me ya kama ta? Ciwon a saiti yake, shi ya sa ta farko ta shafa wa ta biyu."

"Mutumin wa? Ka kiyaye ni fa."

Ya yi 'yar dariya, idonsa na kan allo. Ya rage yawan leƙen da Mai Rabo take yi wa kwamfutocin baya don ta ji ko suna lafiya. Layin ya ɗan motsa, da ƙyar ya sauka da biyu. Agogon bango ya nuna ɗaya saura kwata. Hannuwana sun yi sanyi ƙalau, ban san ko na ɗakin ne ko na tsoro ba. Ya cire rigar sanyinsa ya ajiye min a bayan kujera.

Sai na ga ya tsaya cak yana kallon na'urar kanta, ba allon ba.

"Dubi ƙaramar fitilar can. Ta ma'ajiyar bayanai ce. Ya kamata ta riƙa ƙiftawa jefi-jefi, amma tun ɗazu ba ta ɗauke ba. Rubutu ake yi. Wa yake rubutu haka ba hutawa?"

Ya buɗe kundin Mai Rabo, inda take ajiye bayanin aikinta. Bisa saitinmu kurakurai kaɗai take rubutawa, layi goma ko ashirin a wuni. Yau kundin ya kumbura har ya kusa cika ma'ajiyar. Duk wanda ya shigo, duk abin da ya nema, duk abin da ya fita, an rubuta dalla-dalla.

"Alhamdu lillahi! Ai ka gano!" na ce, har da tafi.

Bai taya ni murna ba. Ya gangara ƙasa cikin saitin, ya tsaya a wasu layuka huɗu. Na matso na karanta. An umarci Mai Rabo ta rubuta komai, sannan ta bi kowane layi tana neman suna ɗaya, in ta samu ta ware shi a wani wuri daban. Sunan Injiniya ne.

A ranakun da ba cunkoso na'urar ta jure, tana nishi ba wanda ya ji. Yau da dubban ɗalibai suka taso, kowane mutum ɗaya sai ta yi masa rubutu shafi guda ta kuma bincike shi. Ina za ta iya?

"Mai Kwat ne," na ce. "Wallahi shi ne."

"Ba shi da izinin shiga nan."

Ya buɗe inda ake ganin wanda ya canza saiti da ranar da ya canza. Kwana tara da suka wuce, ƙarfe tara da minti ashirin na safe. Sunan Baba ne a wurin.

Safiyar da ya bar min shayi a hannu, daga gida nan ya wuto.

Injiniya ya janye hannunsa daga kwamfutar. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Shi ya koya min rubuta irin layukan nan. A kujerar nan da kike zaune. Ya ce min kada in taɓa barinsu a kunne fiye da awa ɗaya." Ya sunkuyar da kai. "Ashe ɓarawo ya ɗauke ni."

Hawaye suka zubo min. A shekara bakwai ban taɓa ganin idonsa ya yi ja ba sai ranar.

"Tashi mu je ka nuna musu. A gaban Mai Kwat, a gaban kowa. Su san ba laifinka ba ne."

"In nuna wa magatakarda cewa mai kamfani da hannunsa ya shaƙe shafinsu, garin leƙen asirin ma'aikacinsa? Gobe makarantar za ta kwashe aikinta. Jibi labarin ya zaga gari. Shekara ashirin yana gina sunan nan."

"To ni fa? In ka yi shiru rasa ni za ka yi!"

"In na yi magana ma rasa ki zan yi. Kina ganin zai ba da 'yarsa ga wanda ya tsinka shi a bainar jama'a? Ko da ya bayar, da wane ido zan riƙa shiga gidanku? Ke kanki wata rana za ki dube ni ki tuna fuskarsa a ranar."

"Ba zan tuna ba."

"Za ki tuna. Ke kaɗai ya mallaka, shi kaɗai kika mallaka. Ba zan shiga tsakaninku ta wannan ƙofar ba."

"Ba ka sona ke nan."

Ya juyo ya dube ni sosai.

"Ranki ya daɗe, kin san ƙarya kike yi. Ina sonki har ban san inda zan sa kaina ba. Amma ki yi min alƙawari ba za ki faɗa ba."

Na yi kuka, na yi magiya, har na ce masa mai taurin kan tsiya. Bai sauya ba. Da na gaji na gyaɗa kai, don ban taɓa iya ce masa a'a ba in ya yi irin wannan kallon.

Ya kashe layukan huɗun, ya mayar da kundin kan kurakurai kaɗai. Abin da aka riga aka tara a kansa bai goge ko layi ɗaya ba. Ƙarfe ɗaya da minti arba'in layin furosesa ya gangaro kamar an sassauta masa wuya, ya tsaya a goma sha takwas. Fankokin suka yi laushi. A waje na ji wayoyi sun yi tsit.

Magatakarda ya yi ta godiya, amma kafin ya tafi ya ce dole ya san abin da zai gaya wa shugabansa.

"Saiti ne ya yi wa na'urar nauyi," in ji Injiniya. "Ɗakin nan a hannuna yake. Ya kamata in duba kafin ranar sakamako, ban duba ba. A gafarce ni."

Mai Kwat ya tafa hannu. "Ka ji ko, Kawu? Da bakinsa. Allah ne kaɗai ya san abin da yake yi a ɗakin nan da ba shi da lokacin dubawa."

Baba ya ce, "Sakaci a rana irin ta yau ba abin yafewa ba ne. Ka gyara, na gani. Amma ka tattara kayanka."

"To, Yallaɓai. Na gode da duk abin da ka koya min."

Na cije leɓena har na ji ɗanɗanon jini. Ina kallo ya samo kwali a wajen masu kantin magani, ya zuba littattafansa, da kofinsa, da akwatin kayan aikinsa. Bai dube ni ba, na kuma san dalili. Da ya duba da na karya alƙawarin.

Baba ya shige ofishinsa ya rufe ƙofa. Na san abin da ya je yi. Mutum ne da ba ya barin aiki rabi, ya je ya karanta abin da tarkonsa ya kama ne, don ya cika hujja.

Minti ashirin ban ji motsinsa ba. Sannan ya kira ni.

"Uwata."

Na shiga. Ya cire tabarau ya ajiye a tebur. A allonsa abu biyu ne a jere: lokacin da aka kashe layukansa, da lokacin da na'urar ta samu sauƙi. Lokacin ɗaya ne, daidai da minti.

"Kina ciki lokacin da ya gani?"

Na dubi ƙasa.

"Ya ga sunana?"

"Na yi alƙawari, Baba."

Ya rufe idonsa. Amsar ta ishe shi.

"Kwana tara," in ji shi a hankali. "Na karanta duka. Kin san abin da na samu? Yana shigowa kafin kowa, ya duba na'urorin asibiti ɗaya bayan ɗaya. Ranar hutu ma ya shigo daga gida ya duba. Ko harafi ɗaya bai fitar waje ba." Ya kau da kai daga allon. "Ba kamfanin nake tsoron ya ɗauke ba, Uwata. Gwaggonki ta kawo magana, ni kuma na kama ta hannu bibbiyu, don ina neman dalili. Ranar da kika bar gidan nan, wa zan ce wa na dawo?"

Na durƙusa na kifa kaina a gwiwarsa, na fashe da kukan da nake dannewa tun safe.

"Baba, aure zan yi, ba ɓata zan yi ba. Shi ne ma ya hana ni faɗa. Ya ce ba zai shiga tsakaninmu ba."

Ya dafa kaina. Can ya miƙe.

"Ina yake?"

"Ya sauka."

Baba da ciwon gwiwarsa, wanda kullum sai ya huta a tsakiyar matakala, ranar bai huta ba. Na bi shi a guje. Injiniya na tsaye a bakin titi gaban kantin magani, rungume da kwalinsa, yana jiran mota. Gefe guda Mai Kwat ya tsare magatakarda a jikin motarsa yana nuna masa hotunan sababbin na'urori.

Baba bai nufi Injiniya ba. Wajen magatakarda ya fara zuwa.

"Malam, abin da za ka gaya wa shugabanka ya canza. Ni na yi saitin da ya shaƙe shafinku, da hannuna, saboda wani zargi marar tushe da na saurara. Yaron nan gyara ɓarnata ya yi, ya kuma rufa min asiri. In za ku hukunta wani, ga ni."

Magatakarda ya saki baki. Mai Kwat ya fara cewa, "Haba Kawu, ai ba sai..." Baba ya ɗaga masa hannu, Mai Kwat ya haɗiye sauran, ya shiga laluben aljihu kamar ya yar da wani abu.

Injiniya ya durƙusa a nan bakin titi, da kwalin da komai.

"Yallaɓai, don Allah da ba ka..."

"Tashi. Kada ka ƙara min kunya a kan wadda nake ji." Baba ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi. Ya shiga neman kalma, shi da bai saba ba wa na ƙasa da shi haƙuri ba. "Mahaifiyarka tana gida ranar hutu?"

"Tana nan, Yallaɓai."

"Ka ce mata ina nan zuwa. Kada ta turo kowa wurina tukuna, ni zan fara zuwa. Na zargi ɗanta da abin da bai yi ba, sai na nemi gafararta kafin in karɓe shi."

Injiniya ya gyaɗa kai. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar kanti, hawaye shaɓe-shaɓe, masu sayen magani sai kallona suke yi.

Baba ya juyo ya harare ni, alhali nasa idon ma a jiƙe yake.

"Ke kuma kukan me kike yi? Zo ki kama masa kwalin nan ku hau da shi sama. Ba kya ganin ya yi masa nauyi shi kaɗai?"